Karatun RNA da Abin da Ya Bayyana Game da Tsarin Kundin Gado na Bakteriya

Gabatarwa

Manazarcin harshe da ya leƙa littattafan ilmin halittu na zamani, abin da zai fara jan hankalinsa shi ne yawan kalmomin fanninsa da aka ara. Zai tarar ana zancen harafi da kalma, da kwafa da fassara, har ma da kuren rubutu da gyaransa. Ba don ado aka yi wannan aro ba, domin kuwa abin da mahaifa ke gadar wa 'ya'ya, ko a mutum ko a tsiro ko a ƙwayar cuta, jeri ne na haruffa huɗu da ake kwafa a kuma fassara.

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayanin wata dabara da masana suka ƙago wajen shekarar 2008, wadda suke kira RNA-seq a taƙaice, watau karanta jerin haruffan RNA duka a lokaci guda, sa'an nan ta nuna yadda dabarar ta sauya fahimtar da aka yi wa tsarin gadon bakteriya. Abin da za a ga ya fito fili shi ne, mallakar rubutu daban, sanin yadda mai rubutun ke karanta abinsa daban. An samu na farko a 1995, amma sai da aka ƙara wajen shekara goma sha biyar kafin a samu hanya mai sauƙi ta kaiwa ga na biyu.

Kundi da kwafi

Bakteriya halitta ce mai tantani ɗaya tak. Wadda aka fi nazari, watau Escherichia coli da ke zaune cikin hanjin mutum, sai an jera kamar 500 kai da gindi kafin su cika milimita ɗaya. A cikin wannan ɗan jiki akwai DNA, wanda ya yi kama da igiya mai tufka biyu, kuma a yawancin bakteriya bakin igiyar ya haɗu da ƙarshenta ta zama zobe. Kowane sili na igiyar jeri ne na sinadarai huɗu da ake yi wa laƙabi da haruffan A da T da G da C. A kullum tana fuskantar T a ɗaya silin, G kuma tana fuskantar C. Wannan jeri gaba ɗayansa shi za mu kira kundin gado, yankin da ke ɗauke da umurnin ƙera furotin guda kuwa ƙwayar gado.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu, don zai dawo a gaba. Silin nan biyu ba alƙibla ɗaya suka fuskanta ba, kuma kowannensu yana iya ɗaukar saƙo. Kamar a ce shafi ne da aka rubuta layi ɗaya daga hagu irin na boko, na ƙarƙashinsa kuma daga dama irin na ajami.

Ba a taɓa kundin kai tsaye wajen ƙera furotin. Akwai wani inzayim, RNA folimares, wanda za mu kira magatakarda. Shi ke sauka a wani wuri na musamman da za mu kira masomi, ya bi sili ɗaya yana kwafa, har ya iso matsaya ya sauka. Kwafin da ya yi shi ne RNA, mai sili ɗaya, wanda a cikinsa harafin U ke maye gurbin T. Wannan kwafi, RNA ɗan aike, shi ribosom ke kamawa ya fassara haruffa uku-uku zuwa tubalan furotin iri ashirin. A bakteriya ribosom ba ya ma jira a gama kwafa, yana biye da magatakarda yana fassara. Sa'an nan kwafin ba ya daɗewa. Wani awo da aka yi a 2002 ya nuna cewa a E. coli kimanin kashi 80 cikin ɗari na ire-iren 'yan aiken, rabinsu kan lalace cikin minti 3 zuwa 8. Saboda haka RNA da aka tarar cikin bakteriya a wani lokaci shaida ce ta abin da take karantawa a daidai wannan lokacin, ba jiya ba.

Su François Jacob da Jacques Monod na Cibiyar Pasteur da ke Faris su ne suka fara fito da tsarin wannan karatu, tsakanin 1960 da 1961. Sun lura E. coli ba ta ƙera inzayim ɗin narkar da sukarin madara sai in sukarin yana nan. Suka gano ƙwayoyin gado uku ne a jere, ƙarƙashin masomi ɗaya, ana kwafe su a kwafi ɗaya, kuma akwai wani furotin da ke zaune a bakin masomin kamar mai gadi, ba ya kaucewa sai sukarin ya iso. Wannan rukuni suka sa wa suna oferon. Sun sami lambar Nobel a 1965 tare da André Lwoff. Bayanin nasu gaskiya ne, kuma har gobe ana koyar da shi. Sai dai tsabtarsa ta sa aka ɗauka cewa kundin bakteriya duka haka yake, watau jimloli a jere, kowace da mafarinta ɗaya da ayarta ɗaya, a kan sili ɗaya.

Abin da kundi bai faɗa ba

A 1995 aka kammala karanta kundin wata halitta mai rayuwar kanta karo na farko, ita ce Haemophilus influenzae, mai haruffa kimanin miliyan 1.8. Na E. coli ya biyo baya a 1997, da haruffa miliyan 4.6 da ƙwayoyin gado 4,288 masu ƙera furotin bisa ƙidayar wancan lokaci. Yaya aka ƙirga su? Kwamfuta ce ke bin jerin tana neman alamar fara fassara, wadda galibi ATG ce, sa'an nan ta ga ko akwai doguwar tafiya kafin a ci karo da ɗaya daga alamomin tsayawa guda uku. In tafiyar ta yi tsawo sai ta ce ga ƙwayar gado.

Wannan hanya ta yi amfani ƙwarai, amma tana da makanta iri uku. Ba ta ganin gajerun ƙwayoyin gado, domin da gangan aka hana ta ƙirga su don gudun ruɗu. Ba ta ganin RNA da ba a fassara shi zuwa furotin, alhali yana da nasa aikin. Kuma ba ta san inda magatakarda ke sauka da inda yake tashi ba, sai dai ta yi kirdado daga kusancin ƙwayoyin da juna. Wanda ya taɓa fama da tsohon rubutun ajami mara wasali, mara aya, zai gane halin da aka shiga: baƙaƙen duk suna nan, amma inda jimla ta fara da inda ta tsaya sai wanda ya ji an karanta.

Faifan ɗigo-ɗigo da aka ƙago a Jami'ar Stanford a 1995 ya rage wahala. Akan ɗiga guntun kowace ƙwayar gado a kan gilashi, a zuba kwafin da aka rina a kai, a ga ɗigon da ya yi haske. Aibinsa shi ne, a irin yadda aka saba yinsa, abin da ka ɗiga shi kaɗai za ka gani.

Yadda ake aikin

Injinan da ke karanta miliyoyin guntayen DNA a tashi ɗaya sun fara shiga kasuwa a 2005. A 2008 aka juya su kan RNA na yis da na ɓera, a 2009 kuma aka soma da bakteriya, ciki har da Salmonella Typhi mai kawo zazzaɓin taifot.

Aikin kansa ga yadda yake. Za a rena bakteriya cikin yanayin da ake son nazari, a ce cikin tsami, ko zafi, ko ƙarancin ƙarfe. Sai a tsayar da rayuwarta farat ɗaya da ruwan finol da barasa mai sanyi. Wannan gaggawa ba ƙaramin abu ba ce, domin in aka yi jinkirin 'yan mintoci, abin da za a karanta shi ne martanin bakteriyar ga hannun mai bincike, ba ga yanayin da ya shirya mata ba. Daga nan a fasa ta, a tace RNA, a narkar da sauran DNA da ya biyo. Da yake yawancin injinan DNA suke karantawa, sai a mai da RNA zuwa DNA da wani inzayim mai kwafar baya-baya wanda Howard Temin da David Baltimore suka gano a 1970, kowa a nasa ɗakin bincike. Injin zai fito da guntaye miliyoyi, kowane mai haruffa kamar 50 zuwa 150. Kwamfuta ta ɗauki kowane guntu ta nemo masa gurbinsa a kundi ta ajiye. Inda guntaye suka taru suka yi tudu, nan ake yawan kwafa. Inda fili yake fetal, ba a kwafa. Dole kuma a yi ragi saboda tsawo, tun da doguwar ƙwayar gado za ta fi gajeruwa guntaye ko da sau ɗaya aka kwafe kowacce, kuma a maimaita gwajin aƙalla sau uku kafin a yarda da bambanci.

Abin da ya sa bakteriya ta makara da shekara guda shi ne wata matsala tata ta daban. RNA ɗan aike na mutum da na yis yana da jela ta haruffan A masu yawa, wadda ake kama shi da ita a zare shi daga cikin taro. Na bakteriya ba shi da irin wannan jela da za a dogara da ita. Ga shi kuwa ɗan aike bai kai kashi 5 cikin ɗari na RNA da ke cikinta ba. Sauran na ginin ribosom ne da na dakon tubalan furotin. In ba a rage su ba, kuɗin karatu kusan duka zai tafi ga tsakuwa, ba tsaba ba. Maganin da aka samu shi ne a zuba wasu guntaye masu manne wa RNA na ribosom kaɗai, a janye su da maganaɗisu, ko a sa inzayim ya cinye su. Matsala ta biyu ita ce dabarun farko kan ɓatar da labarin silin da guntu ya fito. An warware wannan tun a 2009, kuma sai da aka warware shi aka ga abin da ke tafe.

Darasin Helicobacter pylori

Wannan bakteriya ita ce ke zaune cikin tumbin wajen rabin mutanen duniya, kuma ita ce babbar sanadin gyambon ciki. Robin Warren da Barry Marshall na birnin Perth a Ostireliya suka rena ta a 1982, kuma da likitoci suka ƙi yarda cewa wata halitta za ta rayu cikin tsamin tumbi, Marshall ya kurɓi ruwan renonta a 1984 ya kamu da kumburin tumbi. An ba su Nobel a 2005. Tun 1994 aka sa ta cikin jerin abubuwan da ke kawo sankara. Sirrin zamanta cikin tsami shi ne inzayim ɗin yuriyes, wanda ke fasa yuriya ya fid da amoniya, ita kuma ta kashe kaifin tsamin da ke kewaye da ita.

Da aka karanta kundinta a 1997 aka tarar ƙarami ne, haruffa kimanin miliyan 1.67 da ƙwayoyin gado wajen 1,590. Furotin masu gadin masomi kaɗan ne. Jagororin da ke nuna wa magatakarda inda zai sauka uku ne kacal, alhali E. coli na da bakwai. Ba ta kuma da Hfq, furotin ɗin da ƙananan RNA ke dogara da shi a wasu bakteriya. Sai aka yanke hukunci cewa halitta ce mai sauƙin tsari, wadda ta saba da gida ɗaya, ba ta bukatar dabaru da yawa.

Wannan hukunci ne Cynthia Sharma da Jörg Vogel na Cibiyar Max Planck da ke Balin, tare da abokan aikinsu na Leipzig da Bordeaux, suka rushe a mujallar Nature a 2010. Dabararsu ta cancanci a tsaya a kanta, domin sauƙinta shi ne kyanta. Tudun guntaye yana nuna inda aka kwafa, amma ba ya tabbatar da inda aka fara, domin RNA da aka tace cike yake da yagaggun kwafi, kuma bakin yagagge ya yi kama da mafari. To, ashe kowane kwafi sabon fita yana ɗauke da fosfet uku a kansa, kamar hatimi a saman wasiƙa, wanda aka yaga daga tsakiya kuwa galibi fosfet ɗaya gare shi. Akwai kuma wani inzayim da ke cinye masu ɗaya ya ƙyale masu uku. Sai suka raba RNA gida biyu, suka sa wa rabi inzayim ɗin, suka bar rabi, suka karanta duka biyun suka gwama. Duk harafin da guntaye suka ƙaru a kansa cikin rabin da aka sa wa inzayim, nan ne magatakarda ya fara. Ta haka aka san masomi ba da kirdado ba, har zuwa harafi guda.

Sun yi wannan a yanayi dabam-dabam, ciki har da tsami da haɗuwa da tantanin tumbin mutum, suka sami masomai 1,907, watau sun fi ƙwayoyin gadon kansu yawa, a halittar da yawancin ƙwayoyinta a oferon suke. Ɗaruruwa daga cikinsu a tsakiyar oferon suke, wasu ma a tsakiyar ƙwayar gado. Ma'anar wannan ita ce oferon guda yana iya karantuwa ta fuska fiye da ɗaya: yau a kwafe shi duka, gobe in yanayi ya sauya a fara daga ƙwaya ta uku. Sun kuma sami ƙananan RNA wajen 60 a halittar da aka ce ba ta da su. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne kashi 46 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon suna da masomi a silin da ke fuskantarsu, wanda ke fid da kwafi mai tafiya baya-baya. Irin wannan za mu kira shi kishiya, kuma sunan ya dace, domin haruffansa daidai suke da abin da zai manne wa ɗan aiken ya hana shi sakat.

Binciken da ya biyo baya ya nuna wasu daga cikin waɗannan ba 'yan rakiya ba ne. A 2011 aka bayyana wata kishiya da ke fuskantar ƙwayar yuriyes, wadda ke rage shi sa'ad da tsami ya lafa. Hikimar a fili take, domin amoniya in ba tsamin da za ta kashe, ita kanta guba ce ga mai fid da ita. A 2014 aka nuna wani ƙaramin RNA mai suna RepG yana kama wani jerin haruffan G da ke goshin ɗan aiken wani furotin da bakteriyar ke sansano muhallinta da shi, kuma tsawon jerin, wanda ya bambanta daga iri zuwa iri, shi ke yanke ko a rage furotin ɗin ko a ƙara. A 2017 kuma ƙungiyar Fabien Darfeuille ta Bordeaux ta tabbatar cewa ɗaya daga gajerun ƙwayoyin da kwamfuta ta tsallake guba take ƙerawa, kishiyarta kuwa ita ce makarin.

Ba H. pylori kaɗai ba. A ƙarshen 2009 ƙungiyoyin Luis Serrano na Basalona da Peer Bork na Heidelberg sun duba Mycoplasma pneumoniae, mai haruffa dubu 816 kawai, suka ƙirga oferon 341 waɗanda ke rarrabuwa zuwa ƙananan rukunai 447 gwargwadon yanayi. Kusan rabin masu ƙwayoyi da yawa, kwafinsu raguwa yake mataki-mataki kamar matakalar bene, ta farko ta fi ta biyu, ta biyu ta fi ta uku, abin da ke nuna matsaya ma ba aya ce mai yankewa ba, sau da yawa waƙafi ce. A 2013 aka ga kimanin rubu'in ƙwayoyin gadon bakteriyar tarin fuka ana kwafe su ba tare da goshin da littattafai suka ce sai da shi ribosom ke kamawa ba. A 2016 ƙungiyar Rotem Sorek ta Cibiyar Weizmann ta juya dabarar ta koma neman matsaya, ta gano a Listeria wata ƙwayar gado da ake katse kwafinta tun a goshi, sai fa in maganin linkomaisin ya shigo, sa'an nan a bar magatakarda ya wuce a ƙera furotin ɗin da ke kare ta daga maganin.

Saƙo ne ko tuntuɓen alƙalami?

A nan ne masana suka rabu, kuma bai kamata a ɓoye wa mai karatu ba. Da aka maimaita dabarar Sharma a kan E. coli a 2015 aka sami masomai 14,868, fiye da ninki uku na ƙwayoyin gadonta. Shin duk waɗannan da manufa ake kwafe su?

Masu shakka suna da hujja mai ƙarfi. Alamar da babban jagora ke nema a masomi gajeruwa ce, haruffa shida, TATAAT ko abin da ya yi kusa da haka. In haruffa huɗun daidai suke a yawa, lissafi ya nuna wannan jeri zai faɗo da kansa sau ɗaya cikin kowane haruffa 4,096. A kundin da A da T suka kai kashi 61 cikin ɗari, kamar na H. pylori, zai faɗo sau ɗaya cikin kimanin 1,240. Ke nan magatakarda zai riƙa cin karo da masomai na ƙarya ko'ina, a kan sili biyun duka. A 2016 ƙungiyar Serrano ɗin nan dai ta gwama bakteriya iri-iri ta nuna yawan kishiyoyi yana hawa ne tare da yawan A da T, ta kuma yanke cewa mafi yawansu tuntuɓen alƙalami ne. Kafin nan, a 2012, ƙungiyar Howard Ochman ta gwama E. coli da 'yar'uwarta Salmonella ta tarar kaɗan ne daga masoman kishiyoyin suka zo ɗaya a wurin biyun, alhali abin da ke da amfani ga halitta yakan dawwama cikin dangi. Bugu da ƙari, an san bakteriya na da furotin irin su Rho da H-NS waɗanda babban aikinsu ya haɗa da danne irin wannan kwafa ta banza.

A ganina masu shakka sun fi gaskiya ta fuskar yawa, amma ba su kashe maganar ba. Dabarar tana da kaifin ji har ta kai ga kama raɗa, kuma duk wanda ya ɗauki faifan hira ya san ba kowane tari da gyaran murya ne ke shiga nahawu ba. Jin abu bai tabbatar da aikinsa ba. Sai an cire shi daga kundi an ga abin da ya lalace. Sai dai kuma wanda ya yi saurin sharewa zai zubar da zinariya cikin shara. A 2011, da wannan dabarar ta Sharma da Vogel, Emmanuelle Charpentier da ɗalibarta Elitza Deltcheva suka ga wani ƙaramin RNA mai yawa ƙwarai a Streptococcus pyogenes, kusa da yankin CRISPR da bakteriya ke kare kanta daga bairos da shi. Suka sa masa suna tracrRNA, suka nuna in ba shi tsarin ba ya aiki. Shi ne guntun da ya rage kafin Charpentier da Jennifer Doudna su mai da CRISPR almakashin gyaran kundin gado a 2012, aikin da ya kai su ga Nobel a 2020. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da magani na farko da aka gina a kansa, kuma na ciwon sikila ne, ciwon da Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da shi, ko da yake tsadar maganin ta sa ya yi wa masu bukatarsa nisa.

Akwai kuma iyakoki da ba a gardama a kansu. Yawan ɗan aike ba lalle ya zama yawan furotin ba. Sa'an nan abin da ake karantawa matsakaici ne na miliyoyin bakteriya da aka niƙa tare, don haka 'yan tsirarun da suka yi likimo suka tsira daga magani ba sa bayyana. Sai daga 2020 aka fara samun hanyoyin karanta RNA na bakteriya ɗaya-ɗaya.

Harafi ɗaya a Malawi

Misali na ƙarshe ya shafi nahiyarmu. Salmonella Typhimurium a Turai da Amurka gudawa take sawa ta kwana kaɗan. A Afirka kudu da Sahara kuwa akwai wani reshenta, ST313, da ke shiga jini, musamman a jikin yara masu zazzaɓin cizon sauro ko tamowa da manya masu ƙanjamau. An ƙiyasta cewa a 2017 irin wannan cuta ta Salmonella mai shiga jini, ban da taifot, ta kama mutum 535,000 a duniya ta kashe 77,500, mafi yawansu a wannan yanki.

Ƙungiyar Jay Hinton ta Jami'ar Libaful ta ɗauki iri biyu ta gwama: D23580, wanda aka samo daga jinin wani yaro a Blantyre ta Malawi a 2004, da 4/74, wanda aka samo daga ɗan maraƙi a Birtaniya a 1974. A sassan kundi da suka yi tarayya, bambancinsu wurare 856 ne kawai cikin haruffa kusan miliyan biyar. Kundin ya lissafa wuraren, amma bai ce ga wanda ke da nauyi ba, kuma bisa al'ada hankali kan tafi ne ga waɗanda suka faɗa cikin ƙwayoyin gado suka sauya furotin. Sai suka rena irin biyu a yanayi 16 da ke kwaikwayon abin da bakteriya ke tararwa cikin jiki, suka karanta RNA na kowanne.

Cikin abubuwan da suka fito har da ƙwayar gado mai suna pgtE, wadda irin Malawi ke kwafa fiye da na Birtaniya nesa ba kusa ba. Da aka bi sawu sai aka tarar dalilin harafi ɗaya ne, kuma ba cikin ƙwayar yake ba, a masominta yake, inda ya ƙarfafa wurin saukar magatakarda. Furotin ɗin PgtE yana zaune a fatar bakteriyar yana sare ɗaya daga furotin ɗin ruwan jini da ke taruwa su huda baƙuwar halitta. A rahoton da Disa Hammarlöf da abokan aikinta suka buga a 2018, sun mai da wannan harafi guda na irin Malawi ya koma irin na Birtaniya, ba su taɓa kome ba ban da shi. Kwafin pgtE ya sauka, saran furotin ɗin jini ya ragu, kuma ƙarfin bakteriyar na yaɗuwa cikin jikin kajin da aka gwada ta a kansu ya ja baya.